Shekarar da Muka Shuka Ƙuduji

Na dawo gida daga Yamai ana jiran ruwan shuka, da jakar tufafi, da damin turaku, da igiya, da wata ƴar ambulan a aljihun gaba wadda na yi ta dafawa tun daga tasha har Filinge. A cikin ambulan ɗin irin ƙuduji ne. Wanda bai taɓa noman gero ba, ƙuduji wata ciyawa ce mai fure shunayya, kyakkyawa a ido, wadda ke maƙale wa saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa tana tsotse shi. Kafin ta leƙo waje ta gama ɓarna. A ƙasar Kurfai babu abin da manomi ya tsana kamarta. Fara ma ana yi mata uzuri, tunda ita ana iya soyawa a ci.

Lokacin mulkin soja ne, jami'a a buɗe yau a rufe gobe. Ina karatun gaba da digiri a fannin tsirrai, kuma yajin aiki ya riga ya cinye mini shekara guda. Aikin da aka ba ni shi ne in gwada gero iri-iri a ga wanne ke jure wa ƙuduji, kuma babu yadda za a yi a san haka sai an shuka su tare. Gonar gwaji ta jami'a kuwa shingenta ya faɗi, awakin unguwa sun riga mu kammala bincike a cikinta. Malamin da ke duba aikina, wani gajeren mutum da bai taɓa gama jin tambaya ba kafin ya amsa, ya ce da ni, "Ba kai Bakurfaye ba ne? Mahaifinka ba shi da gona?" Sannan ya ƙara da cewa in damina ta wuce ban kawo sakamako ba, za a cire sunana. Ya faɗi haka yana neman makullin babur ɗinsa.

Babana ba attajiri ba ne, ba malami ba, ba shi da sarauta ko ta unguwa. Abin da Allah ya ba shi, gona mai tsabta. Masu zuwa kasuwar Lahadi sukan tsaya a bakinta su yi kallo, su koma gida su zagi ƴaƴansu. Shi kuwa ya san ana kallo, amma sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tura hauya kamar bai ga kowa ba. Ni na san daɗin da yake ji, domin ranar da baƙo ya yaba gonar, har jakinmu yakan sami ƙarin dusa.

Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ina son a ba ni ɗan gehe cikin gona. Aikin lakwal za ni yi." Lakwal ita ce makarantar boko a bakinmu.

"Gona taka ta. Mi za ka shibkawa?"

"Gero."

"Madalla. Ashe lakwal ta hwara hankali."

"Da ƙuduji."

Ya ajiye igiyar. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce in nuna masa, na buɗe ambulan, ya leƙa daga nesa. Irin ƙuduji bai fi ƙura ba, in ka yi atishawa a kansa ka shuka gari guda.

"Wanga abu saye kay yi?"

"Ba ni anka yi."

"Wanda yab ba ka, kun taɓa hwaɗa?"

Na shiga bayani. Na yi na saiwa, na yi na ruwan da saiwa ke fitarwa wanda ke tada irin daga barci, har na kawo sunan ciyawar da Latinanci don in ƙara wa maganata nauyi. Ya saurara har ƙarshe, abin da malamina bai taɓa yi ba. Da na gama sai ya ce shi dai abin da ya gane, tun ina ƙarami aka ɗauke ni daga gona aka kai ni lakwal, ga shi yau lakwal ta maido ni gona in ɓata ta.

Inna ce ta raba gardamar daga bayan zana. Ta ce, "Ka ba shi. Tun yaushe muka jiran takardag ga? Ko so kaka yi shi tsuhwa da jaka a kahwaɗa?"

Ya ba ni, amma da sharaɗi: kada wani mahaluki ya san shuka shi aka yi. Ya zaɓar mini kusurwa mafi nisa, bayan tudu, wajen wata tsohuwar aduwa. Ranar shuka na gauraya irin da rairayi ina zubawa rami rami tare da gero. Baba bai taɓa ba, bai ma kalla ba. Ya juya mini baya yana gadin hanya. Da na gama ya sa na wanke hannu, na kakkaɓe wando, na tuɓe takalma na bar su a gindin aduwa. Duk daminar nan ina da takalman shiga wannan kusurwa da takalman shiga sauran duniya.

Da farko turakun ne suka cece mu. Na kakkafa su a jere, na ɗaura igiya, na maƙala wa kowanne ɗan guntun kwano mai lamba. A wancan zamani in aka ga turaku da lamba, to gwamnati ce, kuma gwamnati na sanye da kaki. Wasu suka ce titi za a ja zuwa Tabla, wasu suka ce bariki za a gina, wani da ya taɓa zuwa ci-rani ya rantse cewa haka ake yi in an ji warin man fetur. Ko akuya ta nufi wajen sai mai ita ya bi ta da gudu. In an tambayi Baba sai ya dubi sama ya ce, "Ni dai ban ce komi ba." Bai yi ƙarya ba, kuma na ga alamar abin ya fara yi masa daɗi.

Gero ya tashi, ni kuwa kullum ina durƙushe ina leƙen gindinsa. Tsorona ɗaya, kada irin ya ƙi fitowa. Ka duba wannan hali: duk ƙasar Kurfai ana roƙon Allah ya raba gona da ƙuduji, ni kaɗai nake roƙon ya kawo. Ranar da na ga ɗan koren kai na farko ya tsago ƙasa, ban san lokacin da na kwasa da gudu zuwa gida ba. Na faɗa tsakar gida ina haki na ce, "Ya hito!" Inna ta saki taɓarya ta ce, "Alhamdu lillahi, wa anka saki?" Ta ɗauka wani ne daga cikin mutanen da soja suka tsare.

Daga nan aikin ya zama abin da ni kaina nake jin kunyarsa. Dole in cire kowace ciyawa da hannu, in bar ƙuduji a tsaye, in ƙidaya shi, in rubuta. Baba yakan zo ya tsaya a bakin igiya, hannuwansa biyu a goye a baya, ɗaya riƙe da ɗaya. Ya ce ciyawar da jaki zai ci ya ƙoshi ita nake tugewa, mugu kuma ina yi masa shara. Wata rana na juya na gan shi da ƙuduji guda a hannu, da ƙasarsa da komai. Muka dubi juna. Ya ce, "Ba ni na ba, hannun ga na." Sai ya durƙusa ya tona rami da yatsa ya mayar da shi ya daddanna. Na ce masa ba zai kama ba, an riga an raba shi da saiwar gero. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa dasa abu ya mutu ba. Washegari ya mutu, kuma Baba ya yini ba ya son magana, ban sani ba ko haushin mutuwar ne ko haushin dasawar.

Sai fure ya buɗe. Kusurwar nan ta yi shunayya fes, tun daga kan tudu ake hango ta. Wanda ya fara hangowa kuwa taubashin Baba ne, ɗan gwaggonsa, wanda tun suna yara al'ada ta ba shi izinin ya faɗa wa Baba duk abin da ya ga dama. Dogo ne mai ƙatuwar murya, in yana raɗa a masallaci ana ji a bakin rijiya. Ya hau tudu ya gan ni tsugune a cikin igiya ina ƙidaya, nan take ya gane turakun ba na soja ba ne, na ɗan lakwal ne. Sauran labarin shi ya haɗa wa kansa: an ba yaron da bai iya noma ba gona, ya lalata ta, uban kuma ƙarfi ya ƙare, girman kai ya hana shi neman taimako.

Cikin ƴan kwanaki gaisuwar da ake yi wa Baba ta sauya. Da, "ina aiki" ake ce masa. Yanzu sai "ya jiki", a riƙe hannunsa a daɗe ba a saki ba. Wata tsohuwa ta aiko da sassaƙe na ciwon baya. Liman ya ce masa in tsayuwa na ba shi wuya ya yi salla a zaune, Allah ba ya tsananta wa bawansa. Baba, wanda a shekarar nan zai iya ɗaga buhun gero da hannu ɗaya, ya dawo gida yana huci. Ni kuma na yi ta kaucewa idonsa.

Gayya kowa ya san ta: mai gona ya kira mutane, ya ciyar da su, su yi masa noma. Amma a garinmu akwai wata wadda ba a kira. In mutumin kirki ya gaza, abokansa sukan haɗa baki su dira gonarsa da sassafe, su nome ta tas, su tafi, kuma har abada ba mai tada zancen. Rufin asiri ne. Ba a godiya, ba a kuma hanawa, domin wanda ya hana ya ce wa gari duka bai isa ya taimake shi ba. Inna ce ta jiyo a bakin rijiya, daga matar taubashin, cewa gobe ne za su dira gonarmu.

Ta faɗa mana da la'asar. Gero bai ko fara ido ba, kuma in ba a kai ga yanka an auna ba, duk ƙidayar da na yi ta tashi a banza. Tsoro ya juye mini ya zama fushi. Na miƙe ina cewa wannan wane irin gari ne da ba za a bar mutum da ciyawarsa ba, yanzu zan je in gaya musu ni na shuka, aikin ilimi ne, wanda bai gane ba ya je ya tambaya.

Baba ya ce, "Zamna."

Na zauna.

"In kac ce kai kash shibka ban sani ba, na zama wanda bai san abin da ag gonatai ba. Wannan da sauƙi. Amma kai hwa? Nan gaba duk wanda ƙuduji yah hito mai a gona, cewa za shi yi ɗan wane na, mai yawo da iri cikin aljihu. Ko bayan raina ba ka wanke kanka."

Gaskiya ya faɗa. A wajenmu ana cewa maƙiyi kan watsa wa mutum ƙuduji a gona, kuma ba a taɓa kama kowa ba, gurbin mai laifin a buɗe yake ana jiran mai shiga. Na ce to a kira taubashin a gaya masa a asirce. Baba ya ce gaya wa wannan mutum asiri da ba maroƙi a ranar kasuwa duk ɗaya ne. Daga nan ya jawo hauyarsa ya hau wasa ta. Na dubi hauyar na ce a raina shi ke nan, gobe da shi za a nome. Kuma ban ga laifinsa ba. In ya yi shiru, gonarsa ta koma yadda aka san ta, mutuncinsa ya dawo, ni kuwa in nemi aikin koyarwa a wani ƙauye.

Bayan sallar asuba ya ce in biyo shi. Muna isa bakin igiya sai ga su sun ɓullo ta kan tudu, hauyoyi a kafaɗa, manya da samari. Abin da ake yi a ɓoye ne, amma taubashin har da mai ganga ya zo, don shi bai san yadda ake yin abu shiru ba. Ya hango Baba ya ce, "Kai tsoho, wa yac ce ka hito? Koma ka kwanta, yau gonag ga ba taka ta ba."

Baba ya gitta hauyarsa a kan igiya ya ce, "Ba a taɓa ta."

"Kunya ta? Mu duka mun tsuhwa. Ni da ka gani, jiya sai da anka tashe ni daga tabarma."

"Ƙudujin ga ba hitowa yay yi don kainai ba. Shibka shi anka yi."

Wani dattijo ya ce, "Wane maƙiyin Allah na?" Na ga idanu sun fara juyowa wajena ɗaya bayan ɗaya, suna sauka kan aljihuna.

Baba ya ce, "Ni na. Da hannuna, rami rami. Ɗan ga ƙidaya kawai nis sa shi, tunda shi ya iya lissahi."

Taubashin ya sauke hauya daga kafaɗa. Ya ce, "Kai? Don mi?"

Nan ne na gane Baba bai shirya amsar wannan ba. Ya dubi furen, ya dubi aduwa, ya gyara hula. Ya ce, "So niy yi in gani ko shina hitowa."

"To, ya hito?"

"Ya hito."

Taubashin ne ya fara. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sauran suka ɗauka, samari suna riƙe da juna. Da ya samu numfashi sai ya miƙe ya cire rawaninsa ya ce tun kakanni garin nan na da sarkin noma, amma bai taɓa yin sarkin ƙuduji ba, yau Allah ya kawo. Ya nufo Baba zai naɗa masa, Baba ya ture hannunsa, mai ganga ya saki kiɗa. Dattijon nan kaɗai bai yi dariya ba. Ya ja da baya, ya tuɓe takalmansa ya bubbuga su, ya kama hanya. Sauran, tunda sun riga sun fito da hauya, suka wuce gonar wata gwauruwa suka nome mata, suna tafe suna waiwaye.

Da suka ɓace Baba ya daɗe a tsaye. Ni kuwa ina son in yi godiya na rasa ta inda ake farawa, don a gidanmu ba a saba ba. Ban taɓa son mutumin nan kamar safiyar nan ba, ban kuma taɓa jin nauyinsa haka ba. Ya ɗauki hauyarsa ya ce, "Mi kaka jira? Shiga ka ƙidaya abinka. Kuma ka ƙidaya da kyau."

Na ƙidaya har ƙarshe. Muka yanke gero na auna, muka tuge ƙudujin muka ƙone. Sunan kuwa ya zauna daram. Yara na kiransa da shi a bayan ido, manya a gaban ido, har a kasuwar Filinge wani mai sayar da gishiri da bai san mu ba ya tambaye ni ko ni ne ɗan sarkin ƙuduji. Na kare aikina a gaban malamai bayan an koma mulkin farar hula. Abin da na gano shi ne wani iri guda ya ɗan fi sauran juriya, sai dai zangarniyarsa gajera ce, ba manomin da zai yarda a gan shi da ita. Malaman suka yi ta gardama a kan yadda na rubuta sunan Latinanci, sannan suka ce na ci.

Na kawo takardar gida da bazara. A garinmu wannan ne lokacin neman iri. Manomin da aka yarda da hannunsa yakan ware zangarniyar da ta fi kyau tun a kaka, ya ɗaure daban ya rataye a cikin rumbu, in shuka ta matso mutane su zo da ƴan ƙorensu ya ɗiba musu, su yi masa addu'a. Baba ya ware nasa kamar kullum, har ya fi na kullum yawa. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure tun da hantsi. Mutane na wucewa, su gaishe shi da sarautarsa, a yi dariya, su wuce da ƙorensu zuwa wani gida. Ba ƙiyayya ba ce. Kowa dai na tunanin abin da bai fi ƙura ba, wa ya san inda ya faɗa. Taubashin ya zo ya zauna ya yi ta surutu har azahar, shi ma bai zo da ƙwarya ba.

Haka muka yi ta zama ni da shi har hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ranar nan ya tashi ya shiga rumbu, ya ɗebi abin da zai ishe gonarsa ya ajiye gefe, ya sauko da sauran damin ya dire a gaban Inna. Inna ta dube shi ta ce, "Iri na hwa." A gidan manomi ko yunwa ake yi ba a dakan iri. Ya ce, "Na sani. Bana ya yi muna yawa. Daka, a yi hura. Ɗan ga ya gama lakwal."

Ta sussuka, ta daka, ta dama da nono. Ban taɓa shan fura mai daɗin wannan ba, kuma da ƙyar take wuce mini. Na sha rabi na ajiye ludayi. Baba ya turo mini ƙwaryar da ƙafa, ya tsare ni da ido har sai da na shanye.